In tsohon soja ya rasu, me ya bari, me ya tafi da shi?

A garuruwa da ƙauyukan Maraɗi, Damagaram da Tawa, akwai gidajen da suke da wani tsohon akwatin kwano a ƙuryar ɗaki. In an buɗe shi, sai a tarar da jar hula, da lambar girma ɗaya ko biyu, da wani ɗan littafi da ya yi baƙi don tsufa, da takardu rubuce da Faransanci. Akwatin tsohon soja ke nan.

Ranar da mai akwatin ya cika, jama'a sun san abin yi. A yi masa wanka, a sa shi a likkafani, a yi masa salla, a kai shi kushewa. A yi sadakar uku, da ta bakwai, da ta arba'in. Daga nan malamai su zauna su raba gado: gona, da bisashe, da hatsin da ke cikin rumbu.

Takardun kuwa ba mai waiwayarsu. Gara ta ci rabi, ruwan damina ya jiƙa rabi. Alhali sau da yawa haƙƙin matar da ke cikin takaba yana cikin takardun nan. Soja da sunansa da lambarsa aka san shi. In suna da lamba suka ɓace, haƙƙi ya ɓace. Wani lokaci har kushewar ma ɓacewa take yi.

Su wane ne ƴan mazan jiya?

A shekarar 1857 Faransa ta kafa rundunar baƙaƙen soja a Senegal. Shi ya sa aka riƙa kiransu sojan Senegal, ko da mutum Bahaushe ne, ko Bazabarme, ko Bamoshe, ko Bambara.

Daga 1919 aikin soja ya zama tilas a ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ta mallaka. Kwamanda ya yanka wa kowane sarki yawan samarin da zai kawo. Likita ya duba su, a yi ƙuri'a. Wanda ƙuri'a ta ci, ya bar gona ko garke, ya tafi shekara 3.

Tun kafin nan an kai su yaƙin duniya na ɗaya, daga 1914 zuwa 1918. A wannan yaƙi kaɗai, kusan 30,000 daga cikinsu suka mutu. Aka kai su yaƙin duniya na biyu, wato yaƙin Hitila, daga 1939 zuwa 1945. Aka kai su Indoshin daga 1946 zuwa 1954. Aka kai su Aljeriya daga 1954. Janar Seyni Kunce ma, kafin Nijar ta sami mulkin kai, sojan Faransa ne, kuma ya je Indoshin da Aljeriya.

Yau kaɗan suka rage da rai, dukansu kuma sun haura shekara 80. Amma da yawa sun auri matan da ba su kai su shekaru ba. Matan nan wasunsu suna nan, da ɗiyansu da jikokinsu.

Wanda ya faɗi a fagen yaƙi

A 1915, yaƙi yana tsakiya, Faransa ta yi dokoki biyu. Ta farko ta ce sojan da ya mutu a yaƙi, a rubuta a takardar mutuwarsa cewa don Faransa ya mutu. Ta biyu ta ce wanda ya yi irin wannan mutuwa, gwamnati ce za ta ba shi kushewa tasa shi kaɗai. Ita za ta biya, ita za ta kula da wurin har abada. Ba a tone shi, ba a sa wani a kansa.

A kusa da garin Bardun, inda aka yi mummunan faɗa a 1916, akwai babbar makabartar soja. Cikinta akwai kusheyin Musulmi 592, duka suna duban alƙibla. An kafa wa kowace farin dutse.

Akwai kuma wani ƙauye da ake kira Shasle, kusa da birnin Liyon. Ranakun 19 da 20 ga watan Yuni 1940, sojan Afirka suka tare sojan Jamus a wannan yanki. Da harsashi ya ƙare musu, sai suka miƙa wuya. Jamusawa suka ware farare gefe guda, baƙaƙe gefe guda. Suka kai baƙaƙen cikin wani fili, suka buɗe musu wuta, suka bi ta kansu da tankokin yaƙi.

Wani Bafaranshe mai suna Jean Marchiani, wanda shi ne mai kula da sha'anin tsoffin soja a wannan jiha, ya ƙi yarda a bar su a watse. Ya nemo fili, aka tattara gawawwakin daga wurare dabam-dabam. Aka gina katanga mai jan launi, irin ginin ƙasa na Afirka ta Yamma. Aka kawo ƙasa daga Dakar aka zuba. Ranar 8 ga Nuwamba 1942 aka buɗe makabartar. Sojan Afirka ta Yamma 188 ke kwance a can.

Amma wajen 50 daga cikin kusheyin ba su da suna. An rubuta a kansu cewa ba a san mai ita ba. Domin lokacin da aka tattara gawawwakin, ba a sami takarda ko lamba a jikinsu ba. Iyayensu a nan gida sun yi ta jiran dawowarsu har su ma suka rasu.

Kusheyi 202 da ba su da suna

Labarin da ya fi wannan ɗaci a ƙasar Afirka ya faru, a barikin Caroy, kusa da Dakar.

A Nuwamba 1944 jirgin ruwa ya sauke sojan Afirka fiye da 1,200 a Dakar. Fursunonin yaƙi ne, sun yi shekara 4 a hannun Jamus. Sun fito daga ƙasashen Afirka ta Yamma dabam-dabam. Suna bin Faransa kuɗin albashinsu na shekarun da suka yi a tsare. Suka ce ba za su koma garuruwansu ba sai an biya su. Sun san in suka watse, kowa ya shiga ƙauyensu, kuɗin ya tafi ke nan.

Da safiyar 1 ga Disamba 1944 aka tara su a fili, aka harbe su. Hukumar soja ta ce mutum 35 suka mutu. Wata takardar soja ta ce 70. Masu binciken tarihi da yawa suna cewa sun kai ɗaruruwa. Aka kama 34 daga cikin waɗanda suka tsira, aka ɗaure su, wai sun yi tawaye.

Da yake an kira su ƴan tawaye, ba a rubuta musu cewa don Faransa suka mutu ba. A makabartar soja ta Caroy akwai kusheyi 202, ba suna a kan ko ɗaya.

Sai a 2024, bayan shekara 80, Faransa ta rubuta wa mutum 6 daga cikinsu wannan shaida: 4 ƴan Senegal, 1 ɗan Kodibuwa, 1 ɗan Burkina Faso. A ƙarshen Nuwamba na wannan shekara shugaban Faransa Emmanuel Macron ya yarda a rubuce cewa kisan gilla aka yi. A 2025 gwamnatin Senegal ta sa masana suka fara tono a makabartar, don a san su wane ne ke kwance a can, kuma su nawa ne.

Su 6 ɗin nan an gane su ne saboda sunayensu sun tsira a cikin takardu.

Wanda ya dawo gida

Dokar kushewa ta har abada ta wanda ya mutu a yaƙi ce. Wanda ya dawo gida, ya koma noma ko kiwo, ya tsufa, ya rasu a kan shimfiɗarsa, jana'izarsa tana wuyan iyalinsa. Katin tsohon soja ba ya sayen likkafani.

A can Faransa, in mai wannan kati ya mutu, ana iya lulluɓe akwatin gawarsa da tutar ƙasa. In iyalinsa matalauta ne, suna iya roƙon ofishin tsoffin soja ya taimaka musu da kuɗin jana'iza. Taimako ne, sai an roƙa, sai kuma an duba halin gidan.

A nan ƙasar Hausa jana'iza ba ta da tsada irin ta Turai. Maƙwabta ke gina kushewa, ba a biyan su. Kuɗin likkafani daga dukiyar mamaci ake fara cirewa, sannan bashi, sannan wasiyya, sannan gado. Nauyin yana zuwa ne daga baya: ciyar da masu gaisuwa, da sadaka, da cin matar da za ta zauna takaba wata 4 da kwana 10, da kuma rayuwarta bayan ta fita. A nan ne maganar fansho take da muhimmanci.

Yadda aka daskarar da fansho

A ƙarshen 1959, da Faransa ta ga ƙasashen Afirka za su karɓi mulkin kansu, sai ta yi wata doka. Dokar ta ce fanshon tsoffin sojan waɗannan ƙasashe ya tsaya cik inda yake. Ga ƴan Nijar, dokar ta fara aiki a 1961.

Tun daga nan, in an yi wa tsohon soja Bafaranshe ƙari, ba a yi wa ɗan Afirka irinsa. Tsadar hatsi tana hawa, fansho yana zaune. Mutum biyu sun kwana cikin rami guda, harsashi bai tambayi ƙasar kowa ba, amma ranar biya aka bambanta su. Dokar ta kuma toshe wa mata da yawa hanyar gadon fanshon mazansu.

Wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadu Diop, ya yi wa Faransa soja daga 1937 zuwa 1959. Fanshonsa bai kai rabin na Bafaranshe mai igiya irin tasa ba. Ya kai ƙara. Shari'a ta yi tsawo, ya rasu a 1996. Ranar 30 ga Nuwamba 2001 babbar kotun Faransa mai duba ayyukan gwamnati ta ce shi ke da gaskiya, bambancin nan ya saɓa wa doka. Shekararsa 5 ke nan a kushewa. Iyalinsa suka ji hukuncin, shi bai ji ba.

Haka ya faru ga Abdullahi Ndiaye, shi ma ɗan Senegal, wanda shi ne na ƙarshe cikin sojan Afirka ta Yamma da suka yi yaƙin duniya na ɗaya. An shirya ba shi babbar lambar girma ta Faransa ranar 11 ga Nuwamba 1998. Ya rasu ranar 10, yana da shekara 104.

Bayan hukuncin Diop gyara ya riƙa zuwa kaɗan-kaɗan. A 2002 aka yi ɗan ƙari, aka kuma buɗe wa mata hanyar gadon fansho. A 2007 aka daidaita kuɗin katin yaƙi da fanshon rauni da na Faransawa. A watan Mayu 2010 kotun tsarin mulkin Faransa ta rushe abin da ya saura na bambancin. Daga 1 ga Janairu 2011 aka daidaita fanshon aiki. Amma wani sashe na gyaran, sai wanda ya rubuta takarda ya nema aka yi masa. Shekara 50 aka yi ana wannan ja-in-ja. Mafi yawan masu haƙƙin ba su ga ƙarshensa ba.

Kuɗi iri uku ne, kada a haɗa su

A ƙauye duka ana ce musu kuɗin soja. Amma iri uku ne, kuma kowane da hukuncinsa in mai shi ya rasu.

Na ɗaya, kuɗin katin yaƙi. Wannan na wanda ya shiga faɗa ne har aka ba shi kati. Bisa ƙa'ida sai ya yi kwana 90 cikin rundunar da ta yi faɗa. Ana fara biya in ya kai shekara 65. Sau biyu ake biya a shekara. A 2024 kuɗin shekara ya ɗan haura jika 540. Wannan kuɗi ba a gadonsa. In mai shi ya rasu, ya tafi da shi. Mata da yawa suna shan wahalar tafiya birni neman wannan kuɗi, su dawo hannu sake.

Na biyu, fanshon aiki. Wannan na wanda ya daɗe a soja ne, shekara 15 ko fiye. Wanda ya yi shekara 3 na ƙuri'a ya dawo, ba shi da shi. Shi wannan ana gadonsa. Matar mamaci tana da rabin abin da mijinta yake karɓa. In mata sun fi ɗaya, rabin nan ake raba musu, ba kowace da nata rabi ba. Maraya yana da kashi 10 cikin 100 har ya kai shekara 21. Ana duba tsawon auren, ko kuwa an haihu a cikinsa. In matar ta sake aure, biyan yana tsayawa.

Na uku, fanshon rauni. Wannan na wanda yaƙi ko aikin soja ya naƙasa ne: ya rasa ƙafa, ko ido, ko ya kamu da ciwon da bai warke ba. Matarsa tana iya samun rabo in raunin ne ya yi ajalinsa, ko kuwa raunin babba ne bisa awon likitocin soja.

Na biyu da na uku ba sa zuwa da kansu. Sai an nema, sai an kai shaida.

Son a rufe mutum a gida

Wasu tsoffin sojan sun zauna a Faransa da tsufansu, suna karɓar kuɗin taimakon tsofaffi. Sharaɗin kuɗin a wancan lokaci shi ne mutum ya yi aƙalla wata 6 a Faransa kowace shekara. Sai ga dattijo mai shekara 90 shi kaɗai cikin ɗan ƙaramin ɗaki, nesa da iyalinsa, yana tsoron kada ajali ya same shi a can. Kawo gawa a jirgin sama kuɗi ne mai yawa.

A farkon 2023 Faransa ta janye musu wannan sharaɗi. A watan Afrilu na shekarar, dattawa 9 suka sauka a Senegal, suka koma cikin iyalansu da kuɗinsu. Abin da suka daɗe suna roƙo ke nan: su ƙare kwanansu a gida, ƴan'uwa su yi musu salla, a rufe su kusa da iyayensu.

Sojan Nijar

Duk bayanin da ya gabata na waɗanda suka yi wa Faransa soja ne. A 1961 Nijar ta kafa rundunar sojanta. Wanda ya yi wa Nijar aiki, fanshonsa daga asusun Nijar yake fitowa, da dokokin Nijar. Wanda ya fara a sojan Faransa ya ƙare a sojan Nijar, iyalinsa su bincika ɓangare biyun.

Nijar ma tana da wurin da take rufe sojanta da suka faɗi. Ranar 10 ga Disamba 2019 aka kai wa barikin Inates hari, soja 71 suka rasu. Aka yi zaman makoki na kwana 3 a ƙasa duka. Aka yi musu salla a sansanin sojan sama na Yamai, aka rufe su a can, a filin da ake kira makabartar shahidai. Da yawa daga cikin irin waɗannan samari ɗiyan manoma ne da makiyaya. Matansu da marayunsu ma takardun nan ake tambayarsu: ta aure, ta haihuwa, ta mutuwa.

Abin da ya kamata iyali su yi

1. Tun dattijo yana da rai, a buɗe akwatin tare da shi. A ware littafin soja, da katin yaƙi, da takardar fansho. A sa su cikin leda, a ɗaga su daga ƙasa. A kwafe lambarsa ta soja a wata takarda dabam.

2. A duba yadda aka rubuta sunansa. Turawa sun riƙa rubuta suna yadda kunnensu ya ji. Wani ma da sunan garinsu aka rubuta shi. In sunan da ke littafin soja ya saɓa da na katin ɗan ƙasa, a nemi gyara tun yana iya magana da bakinsa.

3. A yi takardar aure. Auren da liman ya ɗaura gaban shaidu aure ne. Amma mai biyan fansho takarda yake dubawa. Kowace mata da tata, kowane ɗa da takardar haihuwarsa.

4. In ya rasu, a sanar da mutuwar. Dokar Nijar ta 2019 ta ba da kwana 60. A gaya wa mai gari, ko ardo, ko ma'aikacin gidan likita mai riƙe da littafin rajista. Daga nan a karɓi takardar mutuwa a ma'aikatar magajin gari. In kwanakin suka wuce, sai an bi ta gidan shari'a da shaidu.

5. Kada a ɓoye mutuwa don a ci gaba da karɓar kuɗi. Masu biya suna neman shaidar cewa mutum yana da rai. Abin da aka karɓa bayan mutuwa bashi ne, za a nemi a mayar. Yana kuma iya ɓata wa matar haƙƙinta na gaskiya.

6. A je wurin ƙungiyar tsoffin soja ta jiha, ko ofishinsu na Yamai, a tambayi hanyar da ake bi. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai an rufe shi a watan Janairu 2024, don haka kada a yi asarar kuɗin mota zuwa can ba tare da an tambaya ba.

7. In takardu sun riga sun lalace, ba a yanke ƙauna. Faransa tana ajiye da takardun aikin tsoffin sojanta na Afirka a wani gari da ake kira Po, ana rubuta shi Pau. Ana rubuta musu wasiƙa da sunan mutum, da lambarsa, da shekara da wurin da aka ɗauke shi soja.

8. Kada a ba wani baƙo takardun asali, ko da ya yi alkawarin fito da kuɗi. A ba shi kwafi. Mai cewa a ba shi rabin kuɗin in sun fito, a yi nesa da shi.

Ɗan lakwal ko wanda ya yi yaƙi da jahilci a gida, wannan aikinsa ne. Ya zauna da tsohon, ya tambaye shi: wace shekara aka ɗauke shi, a wane gari, wace runduna, ina da ina ya je. Ya rubuta, ko da Hausa ne.

Mutanen Shasle su 50 suna da kushewa, ba su da suna. Amadu Diop yana da gaskiya, bai ga ranarta ba. Wanda tsohonsa yake da rai, ko tsohuwarsa take da rai, shi yana da sauran lokaci. Rigakafi ya fi magani. A buɗe akwatin nan kafin gara ta riga kowa.